Me ya sa kiɗan drum corps ke nisa da asalin kiɗan da aka ɗauko?

Dalibin_Kida:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Na saurari simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestira) ta 9 ta mawallafi Dvořák, sannan na kalli yadda Phantom Regiment, ƙungiyar drum corps (masu ƙaho da ganguna da ke kiɗa suna tafiya a filin ƙwallon ƙafa na Amurka), suka buga ta a gasar DCI (Drum Corps International) ta Amurka a 1989. Karin kiɗan na nan, amma an yanke abubuwa da yawa, an ƙara sauri, ga kuma ganguna inda babu su a asali. Shin son rai ne na mai tsarawa, ko dole ce ke sa shi? Kuma ta yaya zan kwatanta su ba tare da na zalunci ɗaya ba?

Mai_Tsara_Kaho:
Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawansa dole ce. Asalin simfonin ya haura minti 40, wasan fili kuwa bai wuce minti 11 zuwa 12 ba, saboda haka kusan kashi uku cikin huɗu zai tafi tun kafin a rubuta sauti ko ɗaya. Abin da ake fara yankewa shi ne maimaici, sai tsakiyar babi inda mawallafi ke jujjuya kari ɗaya ta fuskoki da dama. Can ne basirar simfoni take, kuma can ne wuƙa ke fara sauka.

Sai kayan kiɗa. Babu biyolin, babu sarewa, babu obo. A ƙungiyar zamani, ƙahonin tagulla ne wajen 80, daga mai siririn sauti zuwa mai kauri: tarampet kamar 24, melofon 16, bariton da yufoniyam 24, tuba 12 zuwa 16. Layin biyolin na farko yakan koma kan tarampet, amma biyolin na hawa sama fiye da inda leɓen mutum zai kai, don haka a sauke shi da oktaf ɗaya (tazarar sauti takwas). Da zarar an sauke shi, sai ya faɗa cikin muhallin melofon, haɗin sautukan ya cunkushe a tsakiya. Maganinsa a rage sautukan da ke cikin haɗin, a buɗe tazara tsakanin tuba da bariton, a bar cunkoson a sama. Wanda ya kwafe takardar okestira layi bi layi zai ji ƙasan kiɗan ya dagule, ba a rarrabe komai.

Akwai kuma numfashi. Mai biyolin zai ja sauti ɗaya yadda ya ga dama, mai busa kuwa yana gudu a fili. Shi ya sa ake raba wa kowa inda zai shaƙi iska, kada mutum biyu na kusa su shaƙa tare. Gudun sarewa mai sauri ana miƙa wa marimba da baibirafon, kayan kiɗa masu jerin faranti da ake bugawa da sanduna, da ke gaban fili. Sautin marimba na mutuwa nan take, sai an yi ta kaɗa sanduna kafin ya yi kamar dogo.

Wani abu game da 1989 ɗin: a lokacin bigila ake busawa mai sautin G, mai bawul (maɓallin da ake dannawa don canza sauti) biyu kacal. Ba a yarda da bawul na uku ba sai 1990, ƙahonin B-flat kuwa sai 2000. Duk sautin da ke buƙatar bawul na uku babu shi a ƙahon, sai dai a canza wa kiɗan mazauni ko a ba wani sashe wannan sautin.

Sanda_Biyu:
Bari in ƙara ta ɓangaren ganguna, tunda nan ne ɗan'uwa ya fi mamaki. Abin da masu gangunan tafiya ke bugawa ba daga takardar Dvořák ya fito ba, sabon rubutu ne daga farko har ƙarshe. Gangunan iri uku ne: masu sineya 8 zuwa 10, masu tena 4 ko 5, masu bas 5. Alƙalai na ba su maki, dole a ba su abin nunawa, har da gurbin da ƙahoni za su yi shiru.

Amma babban aikinsu riƙe lokaci ne. Faɗin filin yadi 53 da sulusi, kusan mita 49, sauti kuma na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Daga bayan fili zuwa gaba jinkirin ya kai daƙiƙa 0.14. Idan ana bugu 180 a minti, kowane bugu sulusin daƙiƙa ne, wato jinkirin ya kusa rabin bugu. Don haka na baya su bi hannun madugu da ido, na gaba su bi na baya da kunne. In na baya ya saurari na gaba, kiɗan ya rabe biyu. Wannan ne ke hana a ja lokaci a sake shi yadda madugun okestira ke yi a zaure. Tafiyar ma ƙidayarta daban: taku 8 a yadi 5, kowane taku inci 22.5, kuma masu zana motsi sun fi son ƙidaya 8 ko 16. Jimlar da ba ta cika ba akan ƙara mata bugu ko a datse ta.

Kunnen_Zaure:
Malam Mai_Tsara, ban yarda duka dole ce ba. Garfield Cadets sun ci gasar 1987 da Appalachian Spring na Copland, kiɗa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma sun rufe da sanyin sauti. Ashe ana iyawa. Abin da ke damuna a tsarin zamani shi ne a tsinko daƙiƙa 20 daga nan, 30 daga can, kowane a ƙare shi da dogon sauti mai ƙarfi don a tafa. Tun da aka yarda da amfilifaya a 2004 da kayan lantarki a 2009, hujjar cewa ba a jin sauti mai laushi ta yi rauni.

Ga yadda nake ganin a kwatanta. Ka ɗauki babi na biyu na Dvořák, inda kor angile (abin busawa ɗan'uwan obo) ke busa karin shi kaɗai. Ka rubuta mintin da karin ya shigo da wanda ya kai ƙololuwa a asali, ka yi haka a na fili. Sannan ka saurari tuba kawai: idan layin ƙasa na tafiya yadda na asali ke tafiya, tsarin ya riƙe amana ko da an yanke rabi. Idan an daskarar da shi a sautuka uku ko huɗu, kari kawai aka ara.

Mai_Tsara_Kaho:
Na karɓi gwajin tuba, Malam. Sai dai a yi hattara da faifan da ake kwatantawa. Dvořák ya rasu a 1904, kowa na iya taɓa kiɗansa, amma sababbin ayyuka sai da izinin mai haƙƙi, kuma izinin tsarawa daban yake da na sakawa a bidiyo. Shi ya sa wasu faifan gasa ke da gurbin da aka cire. Malam Dalibi, ka duba tsawon faifan tukuna: idan wasan ya gaza minti 10, mai yiwuwa ba mai tsarawa ne ya yi yankan ba.