Hoton karnukan farauta a fili: baƙin yana fita kamar gawayi

ƊanKabi:
Assalamu alaikum masana. Kyamarar Canon 700D nake amfani da ita, da lensi 55-250. Wasu mafarauta a wajen Argungu suna so in ɗauki karnukansu kafin su fita farautar rani. Karnukan uku ne: baƙi wuluk, fari, da ja. Na gwada a fadama da misalin ƙarfe 12 na rana, kyamara na kan Auto. Baƙin ya fita kamar gawayi, ba a ganin ido ko baki. Farin kuma gashin bayansa ya ƙone fat. Idan suna gudu hoton sai ya shafe. Wane saiti ya kamata in yi?

Mai Hoto Gusau:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ce, kowacce da maganinta.

Shafewar daga saurin shata take, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Auto ba ta san kare zai zabura ba, sai ta ba ka 1/200 ko 1/320 na daƙiƙa. Juya zuwa Tv, inda kai ke zaɓar saurin shata, ka sa da kanka. Kare a zaune, 1/500 ya isa, don ko a zaune yana haki yana kaɗa kunne. Mai gudu a gicciye 1/1000. Wanda ya nufo ka a guje, 1/1600 ko 1/2000. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka bar shi a Auto. Kar IS ɗin lensinka ya ruɗe ka, rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da kare.

Ta biyun ita ta fi ba mutane wahala. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka duk abin da ke gabansa toka-toka ne, tsakanin fari da baƙi. Baƙin kare ƙarami a tsakiyar farin rairayi: ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya rage, karen ya nutse cikin duhu. Nan sai ka danne maɓallin Av+/- ka murza zuwa +2/3 ko +1. Amma idan ka jawo shi ya cika hoton, abin juyawa yake. Ma'aunin zai ga duhu, ya ƙara haske, baƙin gashi ya koma launin toka. Nan -2/3 zuwa -1 ake so. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa wai baƙin kare kullum ƙari ake masa. Sai ka duba yawan gurin da ya ci a hoton.

Farin kuma idan ya cika hoto, +2/3. Bayan ka ɗauka ka danna INFO, duk inda ya ƙone zai riƙa ƙiftawa. In gadon bayansa ne ke ƙiftawa, rage 1/3 ka sake. Jan karen ba shi da rigima, bar shi a sifili.

Saitin gani kuma AI Servo, mai bin abu mai motsi, da ɗigon tsakiya kaɗai cikin ɗigon saitin gani tara, ka ɗora shi a kan fuska ka riƙe maɓalli rabi kana bin sa. In ka bar ɗigo taran duka, kyamara tana iya kama ciyawar da ta fi kusa.

Baba Jega:
Malam Mai Hoto ya faɗi gaskiya a kan shata, amma ni ba zan ba yaron nan shawarar Tv ba. Karnuka uku masu launi uku suna shiga suna fita, yaushe zai tsaya yana murza ƙari da ragi? Hasken da ke sauka a kansu ɗaya ne, ma'aunin ne kawai ke sauya ra'ayi. To a kulle shi.

ƊanKabi, koma M, inda kai ke saita komai da hannu, ka cire ISO daga Auto. A 700D in kana M da ISO Auto ba ka da damar ƙari da ragi, don haka bai amfane ka ba. Idan rana ta fito tangaran, ISO 400, ƙofar haske f/8, shata 1/1600. Wannan daga tsohon lissafin masu hoto ya fito: a rana mai ƙarfi, f/16 da shata daidai da lambar ISO. Idan hazo ya rufe ta, ɗaga ISO zuwa 800. Don tabbatarwa, nuna kyamara ga koren ganyen shinkafar rani da ke cikin haske ɗaya da karnukan, ka ga allurar ma'aunin haske ta tsaya kusa da sifili. Daga nan ko wanne ya shigo, kar ka kula da rawar allura. Sai rana ta sauya kake taɓawa.

Dalilin f/8: a Tv kyamara na yawan buɗe ƙofar gaba ɗaya, wato f/5.6 a ƙarshen lensinka. A milimita 200, kare na nesa da mita 5, abin da zai fita tas bai fi santimita 13 ba. Karnukan mafarautanmu dogon baki gare su. Ka kama hanci, ido ya tafi. f/8 na ba ka kusan santimita 19, kuma lensin ya fi kaifi a nan.

Hajiya Mai Kyamara:
Duk saitin nan ba zai ceci hoton ƙarfe 12 ba, ƙanena. Rana a tsakar ka tana jefa inuwa cikin ramin ido, kuma tazarar da ke tsakanin farin gashi a rana da baƙin gashi a inuwa ta fi ƙarfin kyamarar. Ga kare ya zaro harshe yana runtse ido don zafi. Ka ce musu ƙarfe 7:30 zuwa 9 na safe, ko bayan la'asar sakaliya, daga 5 zuwa 6. Rana ta kasance a bayanka ko ta gefen kafaɗarka, shi ne za ka ga ɗan ƙyallin nan a ƙwayar idon baƙin, gashinsa ma ya yi sheƙi. Hazon hunturu ma taimako ne ga baƙin kare, yana tausasa inuwa. Illarsa ƙura: kar ka cire lensi a fili, kuma ka hure gilashin kafin ka goge, in ba haka ba za ka karce shi.

Ka durƙusa daidai tsayin idonsa. Ka sa baƙin a gaban kore ko jan ƙasa, ba sararin sama ba. Karen farauta bai san ka ba, ka tsaya nesa ka yi aiki da milimita 200 zuwa 250 na lensinka, mai shi ya tsaya a bayanka ya yi masa fito. Kar ka kai hannu, kar ka bari yara su kewaye shi.

ƊanKabi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Da yamma haske na raguwa da sauri. In ya kai ISO 1600, ba zai yi yashi-yashi ba? Ko in rage shata?

Baba Jega:
Fara buɗe ƙofa zuwa f/5.6, sannan ISO har 1600, kai har 3200 in ta kama. Shata ce ta ƙarshe da za ka taɓa, kuma kar ta sauka ƙasa da 1/1000 muddin suna gudu. Yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta, shafewa ba ta gyaruwa. Abin da ke ɓata baƙin kare shi ne a ɗauka da duhu sannan a zo ana jan haske daga baya, a nan yashin ke fitowa da launi-launi. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, amma kyamararka hoto 5 take yi a daƙiƙa, bayan shida zuwa takwas sai ta tsaya tana zuba wa kati. Ka jira sai karen ya cika kamar rabin hoton kafin ka danne.