Rage malamai: daɗewa a aiki ko takardar TRCN?

Ɗan Firamare: Assalamu alaikum. Idan makaranta mai zaman kanta za ta rage malamai, wa ya kamata ya fara tafiya: wanda ya shekara 12 ba shi da rajistar TRCN (Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya), ko sabon da ya zo bara da NCE (shaidar kammala kwalejin ilimi) da rajista?

Malamar Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda aka ɗauka a ƙarshe shi ke fara tafiya, amma da sharaɗin a duba ƙwarewa da cancanta. Ta nan ake kayar da tsofaffin malamai, domin NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma rajistar TRCN wajibi ce. Abin da ciwo: mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa da alli a hannu, takarda ɗaya ta raba shi da aji.

Alhajin Ƙungiya: Gaskiya ne, Malama. Amma kotu kan ce sashen bai shafi masu aikin ƙwararru ba, don haka takardar ɗaukar aiki ita ce makamin tsohon malamin. Ya duba wa'adin sanarwa da haƙƙin sallama. Kada ya sa hannu a takardar ajiye aiki da kansa, nan haƙƙi ke salwanta. In an zalunce shi, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa (National Industrial Court) ce ke sauraron ƙarar.