An daki motata ta baya a Kugbo, ga shi wuyan maiɗakina ya ƙi juyuwa

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ranar Talata da yamma muna hanyar komawa Mararaba ni da maiɗakina, mun gangaro Kugbo, kun dai san gosulon wajen. Motar gabana ta tsaya, na taka birki, sai ji na yi gam! ta baya. Wani matashi ne a Camry. Bambar Corolla ɗina ta tsage, but ya lotsa, yanzu haka da igiya nake ɗaure shi. Yana fitowa ya ce ni na ci birki ba zato, wai kuma danjata ta hagu ba ta kamawa. Gaskiya ta kwana biyu tana wasa. Mutane suka taru, ana ta danna hon, wani dattijo ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri. Yaron ya tura min naira 40,000, na karɓi lambar wayarsa, na ɗauki hoton motocin biyu, kowa ya kama gabansa.

A wurin lafiyarta ƙalau, ita ce ma ke ba ni baki. Da asuba sai ta kasa juya wuya ta yi sallama, sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Ga ciwon kai daga ƙeya. Mai gyara a Apo kuma ya ce aikin 180,000 ne. Na kira yaron, ya ce ai magana ta ƙare tun a titi. To laifin wa ne? Kuma kuɗin asibiti a kan wa?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Ɗana, na fi shekara talatin ina riƙe sitiyari, kuma kowane yaron mota ya san wanda ya daki na gaba shi ake fara tuhuma. Birki ai don a taka aka yi shi. In da ya bar tazarar daƙiƙa biyu da ake koyarwa, ko akuya ce ta gifta maka zai samu wurin tsayawa. A gangare kamar Kugbo ma ninkawa ake yi. Sai dai danjar nan taka, kada ka raina ta. Ba za ta wanke shi ba in dai ta dama da ta tsakiya suna aiki, amma da ita zai nemi a ɗora maka wani kaso na laifin, a rage abin da zai biya. Inda na gaba ke kwasar laifi sosai shi ne in ya yi ribas, ko ya yanko layi ya tsaya a hancin mutum.

Maman Ilham:
Malam, ka bar zancen bamba tukuna, ka kai ta asibiti yau. Aikin jinya nake yi, irin wannan muna ganinsa kullum. Idan aka daki mota ta baya, kujera ce ke tura jiki gaba, kai ya fizgu baya sannan ya dawo, naman wuya da jijiyoyinsa su ja. Shi ya sa ciwon ba ya nunawa nan take, sai an kwana. Sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna komai, kada wani ya ce maka don haka ƙarya take. In ta ce hannu na mata sanyi ko yana mutuwa, ko jiri da amai, wannan ba na jira ba ne ko da tsakar dare. Kuma don Allah kada a kai ta wurin mai ɗori a murɗe wuyan. Ka ce likita ya rubuta cewa haɗarin mota ne, da ranar da ya faru. Kowane rasit ka adana, har na kyamis.

Abu Sumayya:
Ni dai a ganina tunda ka karɓi kuɗi, ka bar wa Allah. Zaryar ofishin 'yan sanda sai ta ci fiye da kuɗin gyaran.

Ɗan Inshora:
Abu Sumayya, yafiya alheri ce, amma sai mutum ya san abin da yake yafewa. Baban Walid, in ba ka sa hannu a takardar cewa ka yafe komai ba, ƙofa ba ta rufe ba. Kuɗin da ka karɓa dai za a cire a lissafi, don haka kada ka goge alat ɗin.

Takardar inshorar nan da muke nuna wa 'yan sanda a shinge, don irin ranar nan aka yi ta. Tun 1945 aka kafa dokar da ta fara wajabta ta. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida maimakon 5,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne, ba sa cikin wannan iyakar. Taka inshorar ba za ta gyara maka mota ba, tasa ce za ta biya ka.

Matsalar ita ce da yawa takardar bogi suke yawo da ita, wadda aka haɗa musu da sauran takardun mota. Ka sa lambar motarsa a shafin NIID, wato shafin intanet na tantance inshora, zai nuna maka ko ta gaske ce da kamfanin da ya bayar. In ta fito, ka je sashen haɗurra na ofishin 'yan sandan yankin ka karɓi rahoto, ka haɗa da hotuna, takardar likita da rubutaccen kiyasin mai gyara. Shi ma sai ya sanar da kamfaninsa da wuri. Kada ka gyara motar kafin su gan ta. In bogi ce, daga aljihunsa ke nan, ko na mai motar in aikensa yake.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, mun je, ba karaya, an ba ta magani an ce ta riƙa motsa wuyan a hankali, mu koma bayan mako biyu. Na duba lambar, inshorar ta fito, saura wata uku ta ƙare. Ashe motar mahaifinsa ce. Ɗazu mahaifin ya kira ni da kansa, ya ce mu haɗu bayan Juma'a da rasit ɗin. Baba Direba, ƙwan danjar ma na canja. Ɗan Inshora, in ya ce zai biya da kansa ba sai an je kamfani ba, in karɓa ko in jira mu ga yadda wuyan zai yi?