Abin da aka tattauna kan ƙarancin jini ga jarirai bakwaini

To ga dai abin da na tsinto daga doguwar maganar da aka yi kan yadda ake gane ƙarancin jini ga jariri bakwaini, don comments sun yi yawa.

1. Kusan kowa ya yarda alamar farko ita ce fari fat, a duba tafin hannu, leɓe, harshe da cikin fatar ido.

2. Shan nono: jariri ya fara tsotsa kaɗan sai ya gaji ya saki, barci ya yi yawa, nauyi kuma ya ƙi ƙaruwa.

3. Numfashi sama-sama, zuciya na bugawa da sauri, ko ya ɗan ɗauke numfashi, wannan kam ba a jira, asibiti kawai.

Masu aikin jinya sun ce yawanci sati 4 zuwa 8 bayan haihuwa abin ke fitowa, saboda a watanni ukun ƙarshe na ciki ne jariri ke tara ayon (sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi), shi kuwa bakwaini bai cika waɗannan watannin ba, ga kuma jinin da ake ɗiba na gwaje-gwaje.

Inda aka rabu: wasu na ganin ido ya isa, wasu suka ce a'a, wani jaririn ba ya nuna komai sai an auna PCV (gwajin yawan jini), ni ma nan na fi karkata. Maganin ayon kuma wasu na saya da kansu, amma mafi yawa sun ce likita ne zai faɗi adadi.