Waɗanda suka sake kallon The Godfather bayan sun girma, me kuka gani?

Baban Ummi:
Jama'a, ina son jin ta bakinku. Fim ɗin nan na Francis Ford Coppola tun 1972 ya fito, kusan awa uku ne, kuma yawancinsa maza ne zaune a ɗaki mai duhu suna magana ƙasa-ƙasa. Amma duk sanda na ci karo da shi a talabijin, ba na tashi sai ya ƙare.

Ɗan Fagge:
A kaset na fara ganinsa muna samari, kuma wallahi gyangyaɗi na yi ta yi. Harbi muka zo gani, aka tsare mu da bikin aure. Sai bayan rasuwar mahaifinmu, da nauyin gida ya dawo kaina, na sake kallo. Wannan bikin da ya gundure ni ashe shi ne fim ɗin: waje ana kiɗa da rawa, ciki kuma Vito Corleone, uban gidan 'yan mafiya (ƙungiyar masu aikata manyan laifuka), na zaune da kyanwa a cinya, masu buƙata na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cewa a biya shi, sai dai ka fita da bashin alheri a wuya. Shi kuwa ɗansa Michael, tsohon soja, ya ce ba ruwansa da harkar gidansu, har aka harbi ubansa. Daga nan ba ja da baya.

Maman Hanif:
Ku maza Michael kuke kallo. Ni da maigidana muka gani, hankalina na kan matan. Connie an kashe mata miji, kuma yayanta Michael ne ya ba da umarni. Kay, matar Michael, ta tambaye shi gaskiya, ya dubi tsabar idonta ya yi mata ƙarya, aka rufe ƙofa tana tsaye. Maigidan na cewa jarumi, ni ina cewa Allah Ya raba mu da irin wannan miji.

Na Hajiya:
Ni ta Indiya na biyo. Sarkar na Amitabh Bachchan, na 2005, na fara gani, daga baya wani yayana ya nuna min tushen.

Malam Akawu:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da kwalliyar da aka yi wa 'yan mafiyar nan ba. Goodfellas na Martin Scorsese, 1990, ya fi kwanta min: ɓarayi ne masu cin amanar juna, har jarumin ya ƙare yana ba da shaida a kan abokansa don ya tsira. Kuma Corleone gari ne na gaske a tsibirin Sisili na Italiya. Can aka haifi Totò Riina, wani shugaban mafiya, wanda ya sa aka tayar da bam a kan babbar hanya aka kashe mai shari'a Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku a 1992. Ina dattakon yake a nan?

Ɗan Fagge:
Malam, ai kashi na biyu, na 1974, ya ba ka amsa. Michael ya jira sai da mahaifiyarsu ta rasu, ya rungumi yayansa Fredo a wurin makoki, sannan ya sa aka harbe shi cikin kwalekwale. Wa zai ga wannan ya yi sha'awar zama shi?

Malam Akawu:
Je ka tambayi samarin da ke sa hotonsa a WhatsApp.