Lissafi ya ce 12, na'ura ta ce 21: ina kuskuren yake?

Ɗalibin Digiri na Biyu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Wata bakwai ke nan ina haɗa garin ƙarfe da efoksi (wani irin gam mai daskarewa), ina hasashen efsilon, wato yadda haɗin ke riƙe cajin lantarki, da miyu, wato yadda yake karɓar maganaɗisu. Da farko ba wannan aikin na zaɓa ba, malamina na farko ya tafi hutun karatu, wanda ya gaje shi ya canza min take, kuma samfurana na fari duk sun tsage a injin gasawa. Ina amfani da fomular Maxwell Garnett, wadda ke lissafa efsilon na irin wannan haɗin. Efsilon na efoksina 4 ne. Da ƙarfe ya kai kashi 10 cikin ɗari na haɗin, lissafi ya ba ni efsilon 5.3, awo ma kusan haka. A kashi 40 lissafi ya ce 12, na'ura ta ce 21. Saura mako uku in miƙa. Don Allah ku ba ni shawara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, matsalar a fili take. Maxwell Garnett ya fitar da fomularsa a 1904, kuma ya ɗauka ƙwayoyin zagaye suke, kowace tana nesa da 'yar'uwarta. A kashi 40 kuwa sun cunkushe, suna shafar juna. Ka koma fomular Bruggeman ta 1935, magana ta ƙare.

Malamar Fizis: Kafin nan, kashi 40 ɗin na nauyi ne ko na wurin da ƙarfen ya cika? Ƙarfe giram 7.8 ne a kowace santimita kubik (cm³), efoksi kusan 1.2. Kashi 30 na nauyi kusan kashi 6 ne kawai na wuri. Kuma a wane firikwansi ka auna, wato sau nawa siginar awon ke kaiwa da komowa a daƙiƙa? Ba ka faɗa ba.

Ɗalibin Digiri na Biyu: Malama, na wuri ne, na lissafa da kyau. Yaya Injiniya, malamina ne ya ce Maxwell Garnett, kuma babi biyu na rubuta a kai. Ba zan iya rushe su yanzu ba.

Injiniya: Babi biyu ba su fi gaskiya ba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, abin da na faɗa maka shi ne.

Malamar Fizis: Injiniya, a yi hattara. Bruggeman ya ce da zarar ƙwayoyin ƙarfe sun kai kashi ɗaya bisa uku, za su sarƙe har wuta ta ratsa haɗin gaba ɗaya. Shi yana kashi 40. Idan samfurinsa bai ratsa wuta ba, wannan fomular ma ta saɓa. Ɗana, ɗora mitar auna wuta a gefe biyu na samfurin ka gani. Sannan ka yanka ɗaya ka duba a madubin ƙara girma. Ƙarfe yakan kwanta a ƙasa kafin efoksi ya daskare, ka ga ƙasa baƙi wuluk, sama fayau.

Tsohon Ɗalibi: Ni abin da ya ci min rai kenan. Wata huɗu ina zargin lissafina, ashe wata 'yar tazarar iska ce tsakanin samfur da bangon mariƙinsa. Mai kula da ɗakin gwajin ya sani, bai taɓa gaya min ba. Har yau abin na damuna.

Injiniya: Tazarar iska rage efsilon take yi, nasa kuwa hawa ya yi. Bruggeman dai.

Ɗalibin Digiri na Biyu: Na gode muku duka. Amma samfur uku kacal suka rage min, ba zan iya yanka ko ɗaya ba. Kuma na gauraya sosai, minti 20 cur. Ba wata hanyar da zan gyara fomular ba tare da na canza ta ba?

Malamar Fizis: Har yanzu ba ka gaya min firikwansin ba.