Zakka Lokacin da Kasuwa Ta Yi Sanyi

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda Kirista ɗan kasuwa zai fitar da zakka a coci idan ciniki ya ja baya:

1. Kusan kowa ya yarda: daga riba ake fitar da zakka, ba daga jari ba. Masu rumfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi suka fi nanata wannan.

2. Inda aka rabu: wasu sun kafe kan Malakai 3:10, ɗaya bisa goma ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wasu suka kawo 2 Korintiyawa 9:7, wai kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba don dole ba. Ni dai hujja ta biyun ta fi kama ni.

3. Cin bashi don ba da baiko a coci? Babu wanda ya goyi baya.

4. Kuɗin makarantar yara tukuna ko zakka? Nan ma ba a daidaita ba.